Yadda Ake Tsabtace Injin Yankan Ciyawa, da Yadda Za a Rabu da Baƙin Mai da Tsohon Batir Lafiya

A Kano, aikin injin yankan ciyawa aikin damina ne. Daga lokacin da ruwa ya zauna a watan Yuni har zuwa farkon Oktoba, ciyawa ba ta ɗaga wa kowa ƙafa a filayen makarantu da harabar asibitoci da filayen ƙwallo da gidaje masu farfajiya a unguwanni irin su Nasarawa da Bompai, musamman a watan Agusta da ruwa ya fi yawa. Da zarar kaka ta yi, ciyawa ta bushe, sai a tura injin wani lungu a manta da shi har wata shekara. Yawancin injinan da ke ƙin tashi a farkon damina ba wata babbar lalacewa suka yi ba. An ajiye su ne da ɗanyar ciyawa manne a ƙarƙashinsu, da tsohon fetur a tanki, da man da ya riga ya gama aiki a cikinsu. Gyaran wannan bai fi ƙarfin mai gida ko mai kula da lambu ba. Abin da ya fi buƙatar natsuwa shi ne abin da za a yi da dattin da aka fitar, domin baƙin mai da tsohon batir ba irin sharar da ake watsarwa a kwata ko a bola ba ce.

Bayanin da ke tafe ya shafi injin da ake turawa mai amfani da fetur, wanda ma'ajiyar man injinsa take daban da tankin fetur. Wanda ake ratayawa a kafaɗa, galibinsa ana haɗa masa fetur da mai ne a tanki ɗaya, saboda haka ba shi da man da za a juye. Mai aiki da lantarki ko batir kuwa, za a zo kansa a gaba.

Shiri kafin a taɓa komai

A zaɓi fili mai iska, a kan daɓen siminti idan da hali, nesa da murhu da janareta mai aiki, nesa da bakin rijiya da magudanar ruwa. Kada a tayar da injin a cikin ɗaki ko gareji a rufe, domin hayaƙinsa yana ɗauke da iskar gubar nan marar wari wadda ke kashe mutane a ɗakunan da aka kwana da janareta. A shimfiɗa kwali ko leda mai kauri, a tanadi sifana daidai da notin wuƙa, da sifanar fulogi, da burushi, da guntun katako, da magagari, da tsumma, da mazurari, da wani faffaɗan kwano da aka daina cin abinci a ciki, da jarka mai murfi, da safar hannu mai kauri. A ajiye bokitin yashi ko garin katako a kusa saboda abin da ka iya zuba. Yara kuma a sallame su daga wurin tun da fari.

Ya fi kyau a yi aikin a ranar da fetur ya kusa ƙarewa a tanki. A tayar da injin ya yi kamar minti biyar, don man da ke ciki ya yi ɗumi ya saki jiki, dattin da ya kwanta a ƙasa ya taso ya bi shi. Sannan a kashe, a cire hular fulogi, a lanƙwasa wayar gefe yadda ba za ta koma ta taɓa kan fulogin ba. Wannan mataki shi ne wanda ba a tsallakewa ko da sauri ake yi. Wuƙar tana haɗe da injin kai tsaye, kuma juya ta da hannu daidai yake da jan igiyar tayarwa, saboda haka inji mai ɗumi da fulogi a haɗe yana iya tashi alhali yatsun mutum suna ƙarƙashinsa.

Juye mai

A ganina, juye mai ya kamata ya riga wankin ƙasan injin, ko da yake mutane da yawa suna yin akasin haka. Dalili shi ne, idan babu mai a ciki, ana iya karkata injin ba tare da fargabar man zai malala ya shiga inda bai kamata ba.

A fara goge kewayen murfin mai da tsumma don kada ƙasa ta faɗa ciki. Wasu injinan suna da noti na juyewa a ƙasa, wasu kuma ta bakin da ake zuba man ake juye shi, ta hanyar karkata injin. Idan karkatawa za a yi, a tabbata ɓangaren matatar iska da kafireta ne yake kallon sama. Idan aka kwantar da shi ta ɗaya gefen, mai zai jiƙa matatar, injin ya riƙa fitar da farin hayaƙi ko ya ƙi tashi gaba ɗaya. Idan da sauran fetur a tanki, a buɗe murfin a shimfiɗa 'yar leda a bakin sannan a mayar da murfin a ɗaure, amma a tuna a cire ledar bayan an gama, domin tankin yana shaƙar iska ta murfinsa.

A bar man ya tsiyaye a hankali har ɗigon ƙarshe. Yana da kyau a duba shi a cikin kwanon kafin a juye a jarka. Baƙi wuluk alama ce ta ya daɗe bai canzu ba. Idan ya yi fari-fari kamar an gauraya shi da wani abu, ruwa ya shiga. Idan yana warin fetur kuma ya yi ruwa-ruwa, kafireta ce take yoyo. Idan kuma aka ga ƙananan ɓurɓushin ƙarfe suna ƙyalli a ƙasan kwanon, to injin yana cin kansa ta ciki, kuma aikin ya zama na bakanike.

Injin turawa yakan ci kusan rabin lita ne ko ɗan fiye da haka. Kamfanonin ƙera inji irin su Briggs & Stratton da Honda sukan ba da shawarar mai mai lambar SAE 30 ko 10W-30, amma littafin da ya zo da injin shi ne abin bi. Ƙa'idar da aka saba ita ce a canza wa sabon inji mai bayan awa 5 na farko, daga nan kuma duk bayan awa 25 zuwa 50 na aiki, ko sau ɗaya a shekara. A garin da ƙura da zafi suka yi yawa kamar namu, gara a riƙe ƙaramin adadin. Kada a zuba sabon man tukuna, sai an gama da ƙasan injin, amma a ɗaura tsumma a hannun turawa don tunatarwa cewa babu mai a ciki, domin tayar da shi a haka na 'yan mintoci kaɗai ya isa ya kashe shi.

Ƙarƙashin injin da wuƙa

Idan aka karkata injin da ya yi damina guda ba a wanke shi ba, za a tarar da ciyawa da laka sun daskare a jikin kwanon ƙarfen da wuƙar ke juyawa a ciki, kamar ƙanzo a gindin tukunya, samansu a bushe, amma da an ɓamɓare sai a ga ƙasansu da danshi, baƙi-baƙi, yana warin ruɓa, ƙarfen kuma ya fara jan tsatsa. Wannan danshin ne ke huda kwanon, kuma tarin dattin yana toshe hanyar da iska ke bi ta fitar da yankakkiyar ciyawa, shi ya sa injin yake nauyi yana barin ciyawa a baya. A kankare da guntun katako ko roba mai ƙarfi maimakon ƙarfe, don kada a kware fentin da ke kare shi. Bayan haka a wanke da ruwa da burushi, ana kiyaye kada ruwa ya kai ga matatar iska da fulogi da salansa. A bar shi a rana ya bushe sarai, sannan a shafa ɗan sabon mai da tsumma a inda fenti ya tashi.

Don cire wuƙa, a sa safar hannu, a cusa katako tsakanin wuƙar da jikin kwanon don ya hana ta juyawa, sannan a kwance notin. A yi alama a fuskar da ke kallon ƙasa, saboda wuƙar da aka mayar a juye tana dukan ciyawa ne kawai ba ta yanka. A wasa ta da magagari, ana bin karkatar bakinta na asali, kuma a ci daidai a ɓangarorin biyu. Ba a son ta yi kaifin aska, domin bakin zai yi saurin lanƙwashewa a ƙasarmu mai yashi da tsakuwa. Don gwada daidaito, a rataye ta ta ramin tsakiya a kan ƙusa da aka kafa a bango. Idan gefe ɗaya ya rinjaya, a ƙara goge shi har ta tsaya a miƙe. Wuƙar da ba ta daidaita ba ita ce ke sa injin karkarwa har notuna su riƙa kwancewa. Wadda ta tsage ko ta lanƙwashe kuwa, kada a kai ta wurin mai walda, kada kuma a miƙe ta da guduma. Tana juyawa ne kusan sau 3,000 a minti ɗaya, kuma guntun da ya ɓalle daga jikinta zai iya illata duk wanda ke tsaye a kusa. A sayi sabuwa, tsohuwar a sayar wa masu sayen ƙarafa.

Sauran aikin ba shi da wuya. Matatar iska ta soso a wanke ta da ruwa da sabulu, a matse, a bar ta ta bushe, a ɗiga mata ɗan sabon mai a sake matsewa. Ta takarda ba a wanke ta. A bubbuga ta a hankali, idan an ɗaga ta ga rana haske bai ratsa ba a sauya. A share ciyawar da ta maƙale a tsakanin haƙarƙarin ƙarfen da ke kewaye da kan injin, domin ta nan yake shan iska ya huce. A kwance fulogi a goge baƙin da ke bakinsa, a duba tazarar bakin, wadda a yawancin waɗannan injina take tsakanin milimita 0.7 da 0.8. Daga nan a daidaita injin a kan ƙafafunsa, a zuba sabon mai kaɗan-kaɗan ana dubawa da ma'auni, kada a wuce alamar sama. Idan ajiyewa za a yi har wata damina, a mayar da hular fulogi, a tayar da shi a fili har fetur ya ƙare ya mutu da kansa, domin fetur yana fara lalacewa bayan kamar wata guda, ya bar danƙo a cikin kafireta. A lulluɓe shi da buhu ko tamfol a wuri busasshe kafin ƙurar hunturu ta sauko.

Inda baƙin mai ya kamata ya je

Rabin lita ba ta da yawa a ido, shi ya sa ake saurin tuttular da ita a kwata. Amma mai ba ya narkewa a ruwa, bazuwa yake yi a samansa. Ɗigo kaɗan ya isa ya shimfiɗa wannan launi mai ƙyalli da ake gani a kan ruwan kwata bayan an ɗauke ruwan sama. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa man da ake juyewa daga mota ɗaya a canji ɗaya zai iya gurɓata galan miliyan guda na ruwa mai kyau. Man da ya yi aiki a inji yana ɗauke da ɓurɓushin ƙarafa masu guba da sinadaran ƙonewar fetur, waɗanda yawan taɓa fata da su yake da haɗari. A Kano kuma ruwan kwata ba ɓacewa yake yi ba. Magudanan cikin birni da na Sabon Gari da Fagge suna gangarawa rafin Jakara, kuma da ruwan Jakara manoman rani suke ban-ruwan latas da alayyafo da sauran kayan lambu, kafin ya ƙarasa madatsar Wasai da ke wajen Minjibir. Wanda aka zuba a ƙasa ko a rami kuwa yana nutsewa a hankali, alhali gidaje masu yawa da rijiya suke sha, kuma rijiyar maƙwabci ba ta da nisa da katanga.

A juye man da mazurari a cikin jarka mai murfi mai kyau. Mafi dacewa ita ce robar da sabon man ya zo a cikinta. Kada a yi amfani da gorar ruwa ko ta lemo ko jarkar man gyaɗa, saboda yaro yana iya ɗauka ya kai baki, kuma wata rana jarkar tana iya komawa kasuwa a zuba abin ci a cikinta. A rubuta abin da ke ciki a jikinta da manyan baƙaƙe. Kada a gauraya shi da fetur ko kalanzir ko man birki ko ruwa, domin baƙin mai tsantsa ana iya tace shi a sake amfani da shi a masana'anta, amma gaurayayye ya zama haɗari ga duk wanda ya karɓa. A kai shi wurin masu juyen mai a gidan mai, ko garejin bakanike da aka ga yana tara nasa a duro. Alamar wurin kirki a bayyane take: idan ƙasar garejin ta yi baƙi ƙirin har tana gangarawa kwata, naka ma can zai bi, sai a nemi wani wurin.

Akwai al'adun da ya dace a bari. Shafa wa akuya ko tunkiya ko kare baƙin mai don maganin ƙirci cutarwa ce, domin dabbar tana lasa, fatarta kuma tana shanyewa. Likitan dabbobi yana da maganin da ya dace. Zuba shi a masai ko a kududdufi don kashe sauro yana kai gubar kusa da ruwan ƙarƙashin ƙasa. Yayyafa shi a ƙofar gida don kwantar da ƙura yana nufin ruwan farko na damina zai kwashe shi zuwa kwata. Hura wuta ko ƙona shara da shi kuwa yana sakin hayaƙi mai guba a tsakar gida. Idan ya zube a daɓe, a rufe shi da yashi ko garin katako ya shanye, a kwashe a ƙulle a leda tare da tsummokaran da aka yi aiki da su, a haɗa da jarkar a kai inda za a kai ta, kada a kora da ruwa.

Tsohon fetur da aka zuƙe daga tanki a ajiye shi a jarka tasa daban. Kada ko kusa ya shiga jarkar kalanzir, domin kalanzir mai gaurayen fetur shi ne ke fashewa a fitila da risho. Idan yaro ya haɗiyi fetur ko mai, kada a sa shi amai, kada kuma a tsaya ɗura masa manja ko madara, domin abin da ake tsoro shi ne ya shiga huhu. A garzaya da shi asibiti tare da jarkar. Bayan kammala aiki a wanke hannu da ruwa da sabulu, ba da fetur ba.

Batir

Injin da ake hawa da wanda ake tayarwa da makulli galibi suna amfani da batir mai ruwa, ƙaramin ɗan'uwan na mota. Wurin cire shi a fara kwance baƙar waya mai alamar ragi, sannan ja mai alamar tarawa. Wurin mayarwa kuma a fara da ja. Ta haka ko sifana ta taɓa jikin ƙarfe ba za a yi tartsatsi ba. Farin garin da ke taruwa a kan batir ana wanke shi da ruwan da aka jiƙa bakar soda ko kanwa a ciki, za a ga yana kumfa, a goge da tsohon burushi, a kiyaye kada ya shiga cikin batir ɗin. Ruwan batir asid ne mai ƙuna. Idan ya fallatsa a ido a wanke da ruwa mai yawa na aƙalla minti 15 sannan a tafi asibiti. Caji kuma a wuri mai iska ake yinsa, nesa da sigari da wuta, saboda yana fitar da iskar da ke kamawa.

Fiye da rabin nauyin irin wannan batir dalma ce, kuma mutanen Arewa sun san abin da dalma ke yi. A shekarar 2010, ƙurar dalma daga niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, wasu da yawa kuma ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi na dalma a jini da aka sani ba shi da illa. Saboda haka mataccen batir ba a fasa shi, ba a zubar da ruwansa don rage nauyi, ba a barin yara su yi wasa da shi, kuma ba a narka dalmarsa a gida. Hanya mafi sauƙi ita ce a mayar da shi ga dillalin da za a sayi sabo a wurinsa, wanda yakan karɓa ya rage kuɗi. A kai shi a tsaye, da ruwansa a ciki, murafensa a rufe, a cikin roba ko kwali mai leda, ba a kan kujerar da mutane ke zama ba. Masu bola-jari za su saya da murna, kuma neman halal suke yi, amma wanda zai fasa shi da gatari a bayan gida ya tsiyayar da asid a ƙasa yana cutar da kansa da iyalinsa, don haka dillalin da ke tara batura cikakku yana aikawa kamfanonin sarrafawa ya fi cancanta a ba shi, ko da kuɗinsa bai kai na wancan ba. Hukumar NESREA mai tabbatar da bin dokokin kare muhalli, wadda aka kafa a 2007, ita ce ke sa ido kan irin wannan shara a matakin tarayya.

Injin da ke aiki da batir mai caji na zamani, wato na litiyom, tsabtarsa ta fi sauƙi: a cire batir ɗin da makullin tsaro kafin a taɓa wuƙa, a share da burushi da tsumma mai ɗan danshi, kada a watsa masa ruwa. Mai wayar lantarki kuma a zare shi daga soket tukuna. Zafi ne babban abokin gabar batir na litiyom, kuma a watannin Maris zuwa Mayu zafin Kano yakan haura digiri 40, don haka a ajiye shi a inuwa da caji kamar rabi, ba a cikin mota ko ƙarƙashin rufin kwano ba. Idan ya mutu, a liƙe bakunan ƙarfensa da salatif don kada su haɗu da wani ƙarfe, a mayar wa dillalin da ya sayar da injin ko masu harkar batiran sola da ke karɓar tsofaffi. Kada a jefa shi cikin sharar da motocin REMASAB, hukumar kwashe shara ta Jihar Kano, ke kwashewa, domin idan aka matse shi ko aka huda shi yana kamawa da wuta mai wuyar kashewa, balle a bolar da ake cinna wa wuta. Wanda ya kumbura, ko yake zafi ba a caji ba, ko yake wani wari, kada a sake sa shi a caji. A ɗauke shi da safar hannu a sa a bokitin ƙarfe mai yashi, a ajiye a waje nesa da ɗakin kwana da jarkar fetur, kuma a sanar da wanda za a miƙa wa halin da yake ciki kafin ya karɓa.